Waiwaye Adon Tafiya: Mutanenmu da Yaƙin Bama

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Ina godiya da aka ba ni wannan dama in tsaya a gaban manya. An saba a irin wannan taro a yi maganar hanya da rijiya da makaranta, kuma hakan daidai ne. Ni kuwa yau roƙona a kan wata dukiya ce da take salwanta a hannunmu ba mu ankara ba, wato labarin iyayenmu da kakanninmu da suka ga Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a nan aka fi sani da Yaƙin Hitila ko Yaƙin Bama.

Lokacin da muke firamare akwai wani dattijo mai gadin makarantarmu, tsohon soja ne. Idan ya yi nishaɗi sai ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya yi mana fareti, mu kuwa mu bi shi muna dariya. Yana da wani ɗan gwangwani da yake ajiye lambobinsa na yaƙi da takardarsa ta sallama. Ba mu taɓa zama mun tambaye shi inda ya je ko abin da ya gani ba. Bayan na girma na fahimci ko wane ne shi, na je gidansa neman gwangwanin nan. Na tarar ya daɗe da rasuwa, gara ta cinye takardar, lambobin kuma jikoki sun yi wasa da su har sun ɓace. Wannan nadama ce ta kawo ni gabanku.

An fara yaƙin nan a watan Satumba na 1939, lokacin ƙasarmu tana hannun Ingila. Turawan mulki suka bi ta hannun sarakuna da hakimai wajen neman samari. Wasu sun shiga don ra'ayinsu, wasu talauci da haraji suka kora su, wasu kuwa nuna su kawai aka yi. Rundunar da suka shiga ita ce ta Afirka ta Yamma, kuma a ɓangaren Nijeriya Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa ma sai da suka koye ta.

Fagen farko shi ne Gabashin Afirka, inda aka kara da sojan Italiya. Birged ta Nijeriya ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, daga nan ta nausa har Harar a ƙasar Habasha. Da Japan ta mamaye Bama a 1942, sai aka kafa manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Aka ɗebi mutanen da ba su taɓa ganin teku ba a jirgin ruwa zuwa Indiya, ta farko a 1943, ta biyu a 1944. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, ta 82 kuma a yankin Arakan, kuma su biyun suka haɗu wajen ƙwace garin Myohaung a watan Janairu na 1945. Bataliya uku na Nijeriya kuma sun shiga cikin sojan da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke a bayan abokan gaba a 1944.

Ƙasar Bama kurmi ne da duwatsu da ruwan sama mai yawa, wuraren da mota ba ta shiga. Saboda haka dubban mutanenmu aikinsu dako ne, su ɗauki harsashi da abinci da sassan igwa a ka, su sare hanya da adda, yayin da jirgin sama yake jeho musu guzuri da laima. Zazzaɓin cizon sauro da atini da matsattsaku sun wahalar da su ƙwarai, ban da harsashin abokan gaba. Waɗanda suka kwanta dama a can, wasu an san kabarinsu, wasu kuwa sai sunansu kawai a jikin bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon, mai ɗauke da suna kusan 27,000 na sojojin da ba a san inda aka binne su ba. Duk wanda ya taɓa jin sunan Barikin Chindit a Zariya, ko Kalapanzin a Kaduna, ko Dodan da Myohaung a Ikko, to ya sani daga can sunayen suka samo asali.

Jama'a, wannan rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin yana wajen waɗanda suka zauna a gida, domin su ma yaƙin ya ci su. Kakata ba ta lissafa shekaru da kalanda, da aukuwa take lissafawa, kuma a cikin lissafinta akwai shekarun da gishiri ya yi wuya, kananzir ya ɓace, tufafi suka yi tsadar da mace za ta yi ta bin zane ɗaya da ɗinki. Jiragen ruwa sun koma ɗaukar kayan yaƙi, kayan kanti suka yanke. Ga shi kuma har ƙarshen 1942 ƙasar Nijar tana ƙarƙashin gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus, don haka fatauci tsakaninmu da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ya shiga takura.

An matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa domin Ingila tana bukatar mai. An yi ta karɓar gudummawar yaƙi, har aka sa wa wata rundunar jiragen saman Ingila, ta 91, sunan Nijeriya. Filin jirgin saman Kano da na Maiduguri suka zama zango ga jiragen yaƙi da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana, su bi ta Sudan zuwa Masar. Mafi ɗacin duka shi ne aikin tilas na haƙar kuza. Da Japan ta kama Malaya, inda Ingila take samun mafi yawan kuzarta, sai aka kafa dokar ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa Jos, daga 1942 zuwa 1944. Dubun-dubatar manoma aka raba da gonakinsu, suka tarar da sanyin da ba su saba da shi ba, ga ƙarancin abinci, ga cuta. Da yawa ba su dawo ba, kuma su babu bangon da aka rubuta sunansu.

Mata kuwa su suka riƙe gida. Su ne noma, su ne kiwo, su ne tarbiyyar yara, ga zaman jiran wasiƙar da sai an nemi mai karatu ya karanta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ita ce take kawo labarin fagen fama, mutum ɗaya ya karanta jama'a su kewaye shi suna saurare.

Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, amma yawancin sojojinmu sai a 1946 suka iso gida. Sun dawo da tuƙin mota da kanikanci da aikin jinya da karatun boko, sun kuma dawo da buɗewar ido, domin sun ga Bature yana jin tsoro yana zubar da jini kamar kowa. Sai dai albashinsu da kuɗin sallamarsu ba su kai na Turawan da suka yi yaƙi tare ba. Wasu suka sami aikin ɗan doka ko masinja a En'e, wasu gadi, wasu suka koma gona da raunin jiki da firgitar dare wadda ba wanda ya san maganinta.

A 2025 aka cika shekara 80 da ƙare yaƙin. Mazan da suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma yaran wancan zamani, waɗanda suka ga tafiyar iyayensu da dawowarsu, har yanzu akwai sauransu a cikinmu. Haka kuma akwai tsofaffin sojan Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 da matansu, waɗanda su ma tsufa ya cim musu. Idan muka yi sake, abin da ya sami gwangwanin mai gadinmu shi zai sami labarinsu.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu huɗu. Na farko, a kafa ƙaramin kwamiti, da haɗin kan masu unguwanni, ya bi gida-gida ya rubuta sunan duk wanda ya je yaƙi ko aikin kuza daga garin nan. Na biyu, ɗalibanmu su yi amfani da wayoyin da ke hannunsu su ɗauki muryar dattawa, maza da mata, cikin ladabi da neman izini, kuma wanda bai so ya yi magana ba a ƙyale shi. Na uku, a ɗauki hoton duk wata lamba ko takardar sallama ko wasiƙa, a mayar wa masu ita kayansu, a ajiye kwafi a makarantarmu. Na huɗu, kowace ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, a karanta sunayen nan a bainar jama'a, a kuma kai ɗan taimako ga mabukata daga cikin tsofaffin soja da matan waɗanda suka rasu.

Wannan aiki ba ya bukatar kwangila ko jiran gwamnati. Littafi da biro da waya da ƙafar zuwa gaisuwa sun wadatar. Ni na ɗauki nauyin unguwarmu, kuma zan fara a wannan mako, domin dattijon da za mu tambaya bana ba mu da tabbacin samunsa baɗi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.