Tsagewar Ƙashin Baya da Ciwon Kwankwaso Mai Daɗewa a Tsakanin Matasa

A ganin mutane da yawa ciwon baya kayan tsofaffi ne. Idan dattijo ya dafa kwankwaso kafin ya miƙe, ba wanda zai waiwaya. Idan kuwa saurayi ɗan shekara 20 ya yi haka, sai a ce basir ne, ko sanyi ya kama shi, ko kuma lalaci ne yake damunsa. Wannan takarda ta tsaya ne a kan wannan saurayin, da budurwar da ke cikin irin halinsa, waɗanda ciwon ya wuce musu wata uku bai tafi ba, wato ya kai matsayin da likitoci ke kira ciwo mai daɗewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma adadin zai iya kaiwa miliyan 843 nan da 2050. A wajen kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, ba a iya nuna takamaiman abin da ya jawo shi. Sai dai wannan lissafi na jama'a ne gaba ɗaya, matasa kuwa nasu ya bambanta. A 1995 likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Lyle Micheli da Robert Wood, sun kwatanta matasa 'yan wasa 100 masu ciwon baya da manya 100 masu irin ƙorafin. Cikin matasan, 47 an same su da tsagewa a ƙashin baya. Cikin manyan, 5 kacal. Ke nan likitan da ya duba matashi da idon da yake duba dattijo, akwai yiwuwar ya wuce ainihin matsalar bai gan ta ba.

Gadon bayan mutum jerin ƙasusuwa ne 33, biyar daga ciki suna daidai kwankwaso, kuma su ne ke ɗauke da nauyin rabin jiki na sama. Kowane ɗaya yana da dunƙulen gaba mai kauri, da baka a bayansa wadda ta kewaye hanyar jijiyoyi. A jikin bakar, dama da hagu, akwai wani siririn wuya da ya haɗa gaɓar sama da ta ƙasa. Nan ne raunin yake. Duk lokacin da mutum ya gantsare, ƙashin sama yana danna wannan wuya. Idan ya haɗa da murɗawa, dannar ta ƙaru. Kamar wayar ƙarfe ce da ake lanƙwasawa ana miƙarwa: sau ɗaya ba ta komai, amma a yi ta maimaitawa sai ta tsage. Kusan tara cikin goma na wannan tsagewa suna faruwa ne a ƙashi na biyar, na can ƙasa, wanda ake rubutawa L5 a takardar hoto.

Ba a haihuwar jariri da ita. Wani bincike na 1981 ya duba mutum 143 da ba su taɓa tafiya da ƙafafunsu ba tun haihuwa, bai sami ko ɗaya mai tsagewar ba. Tsayuwa da tafiya da aiki ne suke kawo ta, ko da yake gado ma yana da hannu: tana yawan bin dangi, kuma a ƙasusuwan mutanen Inuwit na Alaska an same ta da yawan da ya ninka na sauran al'ummu. Wasannin da aka fi ganinta cikinsu su ne masu gantsarewa da murɗa jiki, irin su alkafura, kokawa, ɗaga ƙarfe, ƙwallon ƙafa da jifan kurket.

Wanda ya san waɗannan motsi zai gan su kullum a ƙasar Hausa ba tare da ya je filin wasa ba. A kasuwar hatsi ta Dawanau, ɗan dako yana juya baya a ɗora masa buhu, ya gantsare don ya daidaita nauyin, ya hau katako zuwa bayan mota, sannan ya murɗa ya sauke. Haka zai yi ta yi har rana ta faɗi. Lebura mai miƙa bulo sama, da ɗan kokawa mai ɗaga abokin karawarsa ya kai shi ƙasa ta baya, duk wuyan ƙashin nan suke wahalarwa. Abin damuwar shi ne da yawansu sun fara aikin tun suna 'yan shekara 13 ko 14, lokacin da ƙashin bai gama ƙwari ba.

Ciwon yana da kamanni. Yakan tsaya wuri ɗaya a ƙasan baya, sau da yawa ɓangare ɗaya, ya tsananta da aiki ko gantsarewa, ya lafa idan an kwanta. Tsokar bayan cinya takan ɗaure har mutum ya kasa taɓa yatsun ƙafarsa. A ɗakin duba marasa lafiya, likita yakan sa saurayin ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya riƙe masa ƙugu, ya ce ya koma baya a hankali. Idan ya yamutsa fuska ya nuna wurin da yatsa ɗaya, an sami dalilin yin hoto, ko da yake gwajin shi kaɗai ba ya yanke hukunci. A hoton eksire da aka ɗauka a karkace, bakar ƙashin takan fito da siffar ɗan kare, tsagewar kuma ta bayyana a wuyansa. Sabuwar tsagewa kuwa takan ɓuya wa eksire. Hoton MRI ne ke kama ta tun tana kumburi a cikin ƙashi, CT kuma ya nuna ko bakinta sabo ne ko ya tsufa.

Idan wuyan ya tsage dama da hagu, dunƙulen ƙashin yana iya zamewa gaba a kan na ƙasa da shi. Wani likitan haihuwa ɗan Beljiyam, Herbiniaux, ya bayyana wannan gocewa tun 1782, bayan ya ga ƙashin da ya zame ya takure hanyar haihuwa. A 1932 Henry Meyerding ya kasa ta mataki huɗu gwargwadon nisan zamewar, kuma har yau da ma'auninsa ake aiki. Yawancin masu ita suna mataki na ɗaya ne, wato zamewar ba ta wuce kashi 25 cikin 100 ba.

Nan ne wannan takarda take son a yi hattara, domin bayan kuskuren wuce tsagewar ba a gan ta ba, akwai kuskure na biyu da ya kai shi illa. Ganin tsagewa a hoto ba ya nufin ita ce ke jawo ciwon. A tsakiyar shekarun 1950 aka ɗauki hoton bayan yara 500 'yan aji ɗaya na firamare a jihar Pensilbaniya. Kashi 4.4 cikin 100 suna da tsagewar tun suna shekara 6, adadin ya kai kashi 6 da suka girma. An ci gaba da bibiyar masu tsagewar har tsawon shekara 45, sakamakon da aka buga a 2003 kuma ya nuna cewa lafiyar bayansu ba ta bambanta da ta sauran jama'a ba, saurin zamewar ma yana raguwa yayin da shekaru ke ja. Wani bincike na 2009 a garin Framingham, da aka yi da hoton CT, ya sami tsagewar a kashi 11.5 na manyan da aka duba, bai kuma ga alaƙa mai ƙarfi tsakaninta da ciwon baya ba. Ɗan wasan tanis Andre Agassi ya faɗa cikin tarihin rayuwarsa cewa yana da gocewar ƙashin baya; ya sha wuya da ita, amma ya ci manyan gasannin tanis guda takwas kafin ya yi ritaya a 2006.

Saboda haka kalmar da ma'aikacin lafiya zai faɗa tana da nauyi. Saurayin da aka ce wa "bayanka ya karye" zai iya ajiye sana'arsa, ya daina motsi don tsoro, tsokarsa ta saki, ciwon ya ƙaru. Iyaye kuma da jin karaya sai su nufi gidan maɗori. Ɗorin gargajiya yana da inda yake amfani, amma wannan ƙashi yana can ciki ƙarƙashin tsoka, ba ja ko danna da zai haɗa shi.

Akwai wasu nakasu biyu da hoto yake yawan nunawa. Ɗaya ita ce bakar ƙashi da ba ta gama rufewa ba tun a ciki, ba tare da wani ƙari a fata ba; mutum ɗaya ko biyu cikin goma suna da ita, kuma galibi ba ta jawo komai. Ɗayar ita ce inda reshen ƙashi na biyar ya yi girma har ya taɓa ƙashin ƙugu ko ya manne da shi, wadda likitan Italiya Mario Bertolotti ya danganta da ciwon baya a 1917. Ita takan yi ciwo ga wasu, kuma allurar kashe zafi a daidai wurin tana taimakawa a tabbatar ko daga nan ciwon yake.

Maganin tsagewar a mafi yawan lokuta ba tiyata ba ne. Ana dakatar da aikin da ke jawo ciwon na kamar wata uku, wani lokaci a haɗa da ɗamarar baya, sannan sashen gashi ya koya wa mutum atisayen ƙarfafa tsokar ciki da ta baya da sassauta ta cinya. Wani nazari na 2009 da ya tattara sakamakon bincike da dama ya nuna cewa fiye da kashi 80 na yara da matasa sun sami sauƙi ta wannan hanya, duk da cewa ƙashin ya haɗe ne a kashi 28 kawai. Sabuwar tsagewa ta ɓangare ɗaya ita ta fi haɗewa, tsohuwa kuwa ba ta haɗewa, shi ya sa zuwa da wuri yake da riba. Tiyata ta rage ga wanda ciwon ya ƙi ji bayan watanni na jinya, ko zamewar ta wuce rabi, ko jijiya ta danne.

Hutun wata uku magana ce mai sauƙi a bakin likita, mai wuya ga wanda sai ya fita yake ci. Wannan ne ke tura ɗan dako kemis ya sayi abin da zai danne zafin ya koma aiki. Yawan shan diklofenak da makamantansa yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Taramol kuwa ya fi haka muni: binciken shan ƙwayoyi na Nijeriya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 da ke shan irinsa ba bisa umarnin likita ba, kuma a jagoran da ta fitar a Disambar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa ba da wannan jinsin magani don ciwon baya mai daɗewa wanda ba a gano sanadinsa ba. Ya kamata shugabannin 'yan dako da 'yan kwangila da masu horar da 'yan wasa su shigo cikin jinyar, a sauya wa mai ciwon aiki mara gantsarewa na ɗan lokaci maimakon a sallame shi.

A yankin nan kuma dole ne a tuna da abin da ba tsagewa ba. Matashi mai ciwon baya da zazzaɓin dare da rama, a fara tunanin tarin fuka da ya shiga ƙashin baya. Mai sikila yana da nasa ciwon ƙashi. Wanda bayansa ke sanƙarewa da asuba, ya saki idan ya motsa, wataƙila kumburin gaɓoɓi ne. Wanda kuwa ƙafarsa ta fara mutuwa, ko fitsari da bayan gida suka ƙwace masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya daina ji, a ranar za a kai shi babban asibiti. Sauran, waɗanda ciwonsu ya wuce makonni yana ƙaruwa da gantsarewa, ma'aikacin asibitin unguwa ya rubuta musu takarda zuwa likitan ƙashi, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke wannan aiki tun 1959, ya kuma rubuta sana'ar mara lafiyar da shekarun da ya fara ta.