Bin Diddigin Canje-canje a Kwamfutocin Manyan Ma'aikatu



1. Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce a yi bayani a kan yadda manyan ma'aikatu, kamar bankuna da kamfanonin jiragen sama da hukumomin gwamnati, suke bin diddigin canjin da ake yi wa fayilolin da ke cikin kwamfutocinsu. Batun ya shafi duk wanda ke zaune a wannan zauren, domin a 2007 aka fara biyan albashin ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ta tsarin IPPIS, tun 2015 kuma da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB ta neman shiga jami'a. Harafi ɗaya in ya sauya a inda bai kamata ba, yana iya tsai da albashin wani, ko ya ɓata sakamakon wani.

Ma'aikacin da ya san ofishin rajista ba zai ga baƙon abu ba a nan. A fayil na takarda akan buga wa kowane shafi lamba, wanda ya yi rubutu ya sa hannu da kwanan wata, akawu kuma ya rubuta sunan wanda ya ɗauki fayil a littafi. Da haka ne in an zare shafi ake ganewa. To, rubutun kwamfuta in an goge shi ba ya barin tabo, sai fa in an yi tanadi tun da fari.

2. Abin da ake tsarewa

Fayiloli iri biyu ne aka fi sa wa ido. Na farko su ne na manhaja, watau umurnin da na'ura ke bi ta yi aiki. Na biyu su ne na saiti, waɗanda ke gaya wa manhaja wa aka yarje wa ya shiga, wace ƙofa ce a buɗe, ina za a aika da saƙo. Fayil na saiti sau da yawa layuka kaɗan ne, shi ya sa akan raina shi. Ma'aikatar da ke da ɗaruruwan kwamfutoci takan fara da saiti iri ɗaya a cikinsu duka. Yau wannan ya taɓa ɗaya don gaggawa, gobe wancan ya taɓa wata bai rubuta ba, kafin shekara ta zagayo babu wanda ya san haƙiƙanin abin da ke cikin kowacce. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

3. Dabarun da aka ƙago

Dabara ta farko ita ce adana kowane zubi na fayil. A 1972 Marc Rochkind na Bell Labs a Amurka ya ƙago SCCS, wadda ke ajiye bambancin da ke tsakanin zubi da zubi, tare da sunan wanda ya yi canjin da lokacin da ya yi shi. A 1982 Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS. A 2005 kuma Linus Torvalds ya rubuta Git, wadda ita aka fi amfani da ita a yau. Amfanin wannan dabara shi ne in sabon zubi ya kawo ɓarna, sai a koma wa na jiya.

Ta biyu ita ce yi wa fayil tambari. Akwai lissafin da ake bi da fayil ta cikinsa, kome girmansa, ya fitar da jerin alamomi masu tsawo ɗaya. Alal misali, SHA-256 yakan ba da alamomi 64. Ko waƙafi aka ƙara a cikin fayil ɗin, tambarin zai fito daban. A 1992 Gene Kim da malaminsa Eugene Spafford, su ma a Purdue, suka gina Tripwire a kan wannan hikima: a ɗauki tambarin fayiloli lokacin da suke lafiya a adana, a riƙa sake lissafi ana gwadawa, inda aka ga saɓani a sanar da mai tsaro. Ƙa'idar PCI DSS, wadda ta hau kan masu karɓar biya da katin banki, ta wajabta irin wannan gwaji a kan muhimman fayiloli aƙalla sau ɗaya a mako.

Ta uku ita ce a rubuta saitin da ake so a wuri guda, manhaja ta riƙa zagayawa tana mayar da duk na'urar da ta kauce. Mark Burgess ya fara wannan da CFEngine a birnin Oslo a 1993. Daga baya Puppet ta biyo a 2005, Ansible kuma a 2012.

4. Abin da sakaci ya jawo

Ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin Knight Capital, mai cinikin hannun jari a Amurka, ya fara aiki da sabuwar manhaja. Manyan kwamfutoci takwas ya kamata a sa mata, ma'aikacin ya sa wa bakwai, ya tsallake ɗaya, ba a kuma sa wani ya duba aikinsa ba. A cikin ta takwas ɗin akwai tsohon umurni da aka daina amfani da shi tun 2003, ba a cire ba. Da aka buɗe kasuwa sai ya farka ya shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Da yake ma'aikatan ba su san inda bambancin yake ba, sai suka cire sabuwar manhajar daga bakwai ɗin masu lafiya, abin ya ƙara lalacewa. Cikin minti 45 kamfanin ya yi hasarar kimanin dala miliyan 440. Da an gwada tambarin kwamfutocin takwas kafin gari ya waye, da an ga bare a cikinsu.

Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika wa masu hulɗa da shi wani ɗan fayil na saiti. Fayil ɗin ya sa manhaja ta nemi bayanai 21, alhali 20 aka tanadar mata, sai kwamfutoci suka riƙa mutuwa. An janye shi bayan minti 78, amma Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 masu aiki da Windows abin ya shafa. Aka soke tashin dubban jirage, aikin asibitoci da bankuna ya tsaya, da yawa daga cikin na'urorin kuma sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. A nan an san canjin da aka yi, an san wanda ya yi shi. Kuskuren shi ne sakinsa ga kowa a lokaci guda, ba a fara jarraba shi a kan 'yan kaɗan ba.

Har ila yau, tambari yana da iyakarsa. A 2020 aka gano cewa masu kutse sun cusa mugun umurni a manhajar Orion ta kamfanin SolarWinds tun a wurin haɗa ta, ta fita da hatimin kamfanin na gaskiya, ma'aikatu kusan 18,000 suka ɗauka. Tambari yana shaida cewa fayil bai sauya ba tun daga ranar da aka auna shi. In kuwa da cutarsa aka auna shi, da ita zai ci gaba da ba shi shaida.

5. Kammalawa

Daga waɗannan misalai ana iya tsamo ƙa'idojin da shugaban ma'aikata zai iya tambaya a kansu ko da bai san fasahar kwamfuta ba. Kowane canji a rubuta shi kafin a yi, da dalilinsa. Wanda ya yi aikin kada ya zama shi ne mai duba shi. A fara da na'urori kaɗan, a ga yadda suka yi, sa'an nan a faɗaɗa. A tanadi hanyar komawa baya, a kuma jarraba ta. Rajistar canje-canje a ajiye ta inda mai yin canjin ba zai iya goge ta ba, kamar yadda ba a barin ma'aji ya binciki littafin kuɗinsa da kansa.

Daɗin daɗawa, rajistar da ba a karantawa ba ta hana ɓarna. A safiyar da Knight Capital ya shiga uku, kwamfutocinsa sun aika wa ma'aikata saƙonni 97 da ke nuna akwai matsala tun kafin a buɗe kasuwa, ba a yi aiki da su ba. Saboda haka ɗalibin da zai shiga wannan aiki, da ma'aikacin da aka danƙa wa amanar bayanan jama'a, ya kamata kowanensu ya san sunan wanda aka ɗora wa duba rajistar ofishinsu, da ranar da ya duba ta a ƙarshe.

A nan wannan lacca ta tsaya.