Bombino, Makaɗin Jita na Agadas: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya

 

An nemi mu ce wani abu a kan kiɗan nan da samarinmu suke ta sakawa a shaguna, wanda wasu dattawa suka yi ƙorafi a kansa. To, mu dai 'yan kasuwa ne, ba makaɗa ba. Amma kafin a yanke wa mutum hukunci, ya kamata a san ko wane ne shi.

Sunansa Umaru Muktar, duniya ta san shi da Bombino. Ba'abzine ne, irin mutanen da muka saba kira Buzaye, waɗanda muke gani a nan suna gadi ko suna sayar da shayi. An haife shi a shekarar 1980 a Tidene, wani mazaunin makiyaya a arewa da Agadas, cikin Jamhuriyar Nijar. Yana ɗan shekara goma, a 1990, tawayen Abzinawa ya ɓarke, sai mahaifinsa da kakarsa suka tsere da shi Aljeriya. A can ne wasu dangi suka zo ziyara suka bar jita a gidan. Yaro ya ɗauka yana taɓawa, babu malami. Mafarin ke nan.

A nan muke so a tsaya a duba, jama'a. Mu a wurinmu jita kayan Turawa ce, ta 'yan holewa. A wurin Abzinawan wancan zamani kuwa ba haka abin yake ba. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya kashe masu dabbobi, samarinsu suka watsu a Aljeriya da Libiya neman abin sawa a baka. Ba su da jarida, ba su da gidan rediyo. Waƙar jita da ake naɗa a kaset, tana bin hannu zuwa hannu, ita ce wasiƙarsu: ita ke faɗin wanda ya rasu, da kewar gida, da kiran a haɗa kai. Duk wanda ya taɓa aika kaset gida da muryarsa don babu mai karanta wa tsohuwa takarda, ai ya san abin da muke nufi.

Yana saurayi ya yi kiwo a kusa da Tarabulus ta Libiya. Shi da abokansa sukan zauna su kalli bidiyon Jimi Hendrix na Amurka da Mark Knopfler na Ingila, suna kwaikwayon yadda yatsunsu ke yawo a kan tsirkiya. Daga nan ya samo zafin kiɗan rok, ya ɗora a kan kiɗan gidansu. Wani babban makaɗi, Haja Bebe, ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa, kuma da yake shi ne ƙarami, aka laƙaba masa Bombino, daga kalmar Italiyanci mai nufin ɗan yaro. An yi sulhu a 1995, shi kuma ya koma Agadas a 1997, yana kiɗa a gidajen biki.

Sai ga tawaye na biyu a 2007. Hukuma ta hana Abzinawa kaɗa jita, domin tana ganin ta a matsayin alamar tawaye. Aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa. Ku ji fa, kiɗa kawai! Ya sake gudu, wannan karon Burkina Faso. A Wagadugu ne wani mai shirya fim Ba'amurke, Ron Wyman, wanda ya ji kaset ɗinsa, ya bi sawu har ya gano shi.

Da ƙura ta lafa, a watan Janairun 2010, ya dawo gida. Da izinin Sarkin Abzin aka yi gagarumin wasa a filin da ke gindin hasumiyar babban masallacin Agadas, don murnar zaman lafiya. Mun san a cikinmu akwai waɗanda wannan ba zai yi masu daɗi ba, kuma mu ma a gaskiya da an tambaye mu, da mun ce a matsa gaba kaɗan. Amma mutanen garin, da suka binne 'ya'yansu, haka suka zaɓa.

Sauran labarin sananne ne. Faifansa Agadez ya fito a 2011, Nomad a 2013, wanda aka naɗa a Nashville ta Amurka tare da Dan Auerbach, sannan Azel a 2016. Deran na 2018 ya sa aka saka sunansa a takarar lambar Grammy, ɗan Nijar na farko da ya kai nan, ko da yake bai ci ba. A 2023 ya fitar da Sahel.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne, duk wannan yawo na Turai da Amurka, da Tamashek yake waƙa, harshen uwarsa, kuma da babbar riga da rawani yake hawa dandamali. Turawan ba sa jin abin da yake faɗa, amma suna biyan kuɗi su shiga. Samarinmu ma da ke sakawa ba sa ji. Shawararmu ga kwamiti ita ce, kafin a zartar da komai, a gayyato ɗaya daga cikin Abzinawan da ke zaune da mu a zama na gaba, ya fassara mana waƙa biyu ko uku a gaban malamai.