SAYEN DOKI DA HARAWARSA: YADDA ƘANANAN KWALEJOJIN AMURKA KE RIƘE WASANNI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar tsayawa gabanku. Da yake babbar maganar da ke gaban ƙungiya a bana ita ce asusun farfaɗo da wasanni a makarantarmu, an nemi in ɗan yi bayani a kan yadda ake tafiyar da wannan harka a irin kwalejin da na koyar a ƙasar Amurka, inda kuma na taɓa zama a kwamitin kasafin kuɗi. Ba maganar kofi ko lambar yabo zan yi ba. Maganar kuɗi ce da ta ma'aikata.

Da farko, kwalejin da nake nufi ba jami'a ba ce. Kwaleji ce ta shekara biyu, wadda ake kira kwalejin al'umma, domin mutanen yankin ne suka mallake ta, kuma kusan duk wanda ya gama sakandare ana karɓarsa. Ta garin Joliet a Jihar Ilinoyi, wadda aka buɗe a 1901, ita ake ɗauka a matsayin uwarsu. A 1938 aka kafa ƙungiyar da ke kula da wasanninsu, wato NJCAA, wadda ke da kwalejoji fiye da 500 a ƙarƙashinta. Kada ku raina su don an ce ƙanana ne. Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariya a wasan besbol a 1947, ta kwalejin Pasadena ya biyo. Haka ma Jimmy Butler, gwanin ƙwallon kwando, daga kwalejin Tyler ta Jihar Tekzas ya fito.

To, daga ina kuɗin ke fitowa? Da yawa daga cikinmu mun ga manyan jami'o'in Amurka a talabijin, filinsu cike maƙil da jama'a, sai mu zaci wasa ne ke ciyar da makaranta. A kwalejin al'umma ba haka abin yake ba. Ba ta da kwangilar talabijin ta miliyoyi, kuɗin ƙofa kuma sau da yawa da ƙyar yake biyan alƙalan wasa. Ita kanta kwalejin a kan murhu mai duwatsu uku take zaune: abin da gwamnatin jiha ke bayarwa, harajin gidaje da filaye na mutanen yankin a jihohi da dama, da kuma kuɗin makaranta. Daga wannan tukunya ake ɗebo wa sashen wasanni nasa kason, a haɗa da wani ɗan kuɗi da ake ɗora wa kowane ɗalibi don harkokin ɗalibai, sannan a cike da gudummawar tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar gari. Wato ke nan duk dalar da aka kashe a fili, an hana ta ne ga ɗakin karatu ko ɗakin gwaje-gwaje. Don haka a duk zaman kasafi sai an tambayi shugaban wasanni: me za ka maido mana?

Amsarsa kuwa ita ce ɗalibai. Dokar ƙungiyar ta ce ɗan wasa sai ya zama cikakken ɗalibi, alhali mafi yawan ɗaliban irin wannan kwaleji rabi karatu suke yi, rabi neman abinci. Alal misali, ƙungiyar wasa mai mutum 30 tana nufin cikakkun ɗalibai 30 waɗanda da ba don wasan ba da watakila ba su zo ba, ga shi kuma jihohi da dama suna duba yawan ɗalibai wajen raba kuɗi. Saboda ƙarfi ba ɗaya ba ne, an kasa kwalejojin aji uku. Aji na ɗaya na iya ɗaukar wa ɗan wasa kuɗin makaranta da littattafai da ɗaki da abinci. Aji na biyu kuɗin makaranta da littattafai kawai. Aji na uku ba ya ba da ko anini don wasa. Jihar Kalifoniya ma, mai kwalejoji 116, tana da ƙungiyarta daban, kuma ba ta ba da tallafin karatu saboda wasa. Kowa dai yana yin rawa daidai da zanensa.

Yanzu bari in zo ga ma'aikata, domin a nan kuɗin ke tafiya. Akwai shugaban wasanni, wanda a ƙaramar kwaleji sau da yawa shi ne kuma kocin wata ƙungiya. Kociyoyi da yawa ba cikakkun ma'aikata ba ne: wani malamin sakandare ne da safe, koci da yamma, ana ba shi ɗan alawus na kakar wasa. Wanda na sani shi ke neman 'yan wasa, shi ke tuƙa motar da ke kai su wani gari, shi ke kai rigunansu wanki. Mataimakansa kuwa wasu aikin sa-kai suke yi. Sai jami'in lafiyar 'yan wasa, mai duba rauni da hana wanda bai warke ba komawa fili. Sai mai bin diddigin karatunsu, domin wanda makinsa ya faɗi ba ya shiga gasa. Bugu da ƙari, tun 1972 akwai dokar tarayya da ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati, saboda haka ba a yi wa samari kasafi a manta da 'yan mata.

Misalai biyu za su nuna muku nauyin abin. A 2018 hukumar kwalejojin gundumar Marikofa ta Jihar Arizona ta sanar da cewa kwalejojinta 4 za su daina ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga. Dalilin da ta bayar shi ne wannan wasa guda yana cin kashi 20 cikin 100 na kasafin wasanni, da fiye da rabin kuɗin inshora. Ga filayen nan, ga 'yan kallo, ga tarihi, amma kuɗin yau da kullum ya gagara. Kafin kakar 2019 sauran kwalejoji 3 na jihar su ma sun bi sahu, domin in maƙwabta suka daina, sai an yi doguwar tafiya kafin a sami abokin karawa.

Misali na biyu ya fi ɗaci. A watan Agusta na 2018 wani yaro ɗan shekara 19 ya rasu a kwalejin Garden City ta Jihar Kansas, sakamakon bugun zafi bayan atisayen ranar farko. Binciken da aka fitar a 2019 ya ɗora laifi a kan rashin shugabanci da rashin kyakkyawan shirin gaggawa. Mu da muka san zafin watan Afrilu a filin makarantar nan, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Akwai kuma wata al'ada da nake so mu ara. Tun 1994 doka ta tilasta wa kwalejojin da ke da maza da mata, suke kuma cin tallafin ɗalibai na tarayya, su bayyana lissafin wasanninsu duk shekara: nawa ya shigo, nawa aka kashe, nawa ake biyan kociyoyi. Kowa na iya dubawa.

'Yan'uwa, na san abin da ya fi burge mu shi ne rumfar 'yan kallo mai ɗauke da sunan ajinmu. Amma sayen doki rana ɗaya ne, harawa kuwa kullum ce. Shawarata uku ce. Ta farko, a raba asusun gida biyu, kada a taɓa rabi wajen gini, a bar shi don hidimar kowane zango: ƙwallaye, riguna, man mota, da alawus na malamin wasanni. Ta biyu, kafin a busa usur na gasar gidaje ta gaba, a tabbata akwai ruwan sha, da akwatin taimakon gaggawa, da mutum guda da aka horar, da motar da za ta kai yaro asibiti. Ta uku, mu zaɓi wasa biyu ko uku da za mu iya riƙewa na shekara 10, kuma ma'aji ya riƙa buga lissafinsu a wannan mujalla duk shekara.

Malamanmu da suka tsaya da mu a rana suna horar da mu guje-guje ba tare da ƙarin ko kwabo ba, ga wasunsu nan zaune. Allah Ya saka masu da alheri. Hakkinsu a kanmu shi ne kada mu bar waɗanda suka gaje su su yi aikin da hannu wofi.