Wa Ya Ba Ku Izini?

Ran nan wani tela, maƙwabcina a Briqueterie, ya tare ni ya ce, "Malam, wa ya ba ku izinin kiɗa a ɗakin sujada?" Ban raina tambayarsa ba.

Dā, a nan Yawunde, da harshen Latin ake yi wa iyayenmu sujada. A 1963 babban taron bishop-bishop a Roma ya buɗe ƙofa ga harsunan jama'a. Bayan 'yan shekaru, a Ndzong-Melen, Fada Pie-Claude Ngumu ya shigo da balafon da rawa da harshen Ewondo. Waɗansu suka yi murna, waɗansu suka ce an mai da ɗakin Allah dandali.

To, ku ji. Abin da Yesu ya umarta da bakinsa, wato baftisma da Jibin Ubangiji, babu bishop ɗin da ya isa ya soke shi. Harshe da kiɗa kuwa, Ikilisiya ke auna su, kamar yadda sarkin kasuwa ke duba mudu, hatsin kuwa ba nasa ba ne.

Kai makaɗi, in mutane sun fito ran Lahadi suna yabon hannunka, ba mai tuna karatun da aka yi, sai ka sassauta a mako mai zuwa.