Wa Ya Yi Magana da Yawunmu a Faifan Voyager?

 

A 1977 hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbo biyu, Voyager 1 da Voyager 2, kowanne ɗauke da faifan jan ƙarfe mai ruwan zinariya. Manufar ita ce, in Allah Ya halicci wasu masu hankali a can, suka tsinci faifan, su san da mu. Kwamitin da masanin taurari Carl Sagan ya jagoranta ya zuba gaisuwa cikin harsuna 55, da hotuna sama da 100, da kaɗe-kaɗe, da rugugin tsawa, da kukan jariri. A bangon faifan aka zana yadda za a kunna shi, da taswirar inda ranarmu take. A 2012 Voyager 1 ya fice daga yankin iskar rana. Yau saƙon rediyo kan yi kusan kwana guda kafin ya iske shi, kuma sai nan da wajen shekara 40,000 zai gifta kusa da wani tauraro.

Cikin harsunan nan 55 akwai Larabci, da Luganda, da Nyanja, har da Sumeriyanci da ya mutu tun dubban shekaru. Babu Hausa. Alhali a Kano aka kafa ɗaya daga cikin tashoshin da suka bibiyi kumbon ɗan sama-jannati John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya a 1962.

Rashin Hausar bai dame ni kamar abu na biyu ba. Da gangan kwamitin ya ƙi saka hoton yaƙi, ko yunwa, ko cuta. Sun yi irin ta mai jiran baƙo, ya share zaure ya rufe ƙofar ɗakin da ke yoyo. Ina fahimtar uzurinsu: sun ji tsoron kada a ɗauki hoton makami a matsayin barazana. Amma ni ban yarda ba, kuma a Sunke ta jihar Zamfara nake da hujjata.

An shafa wa faifan zinariya don ba ta tsatsa. Mu kuwa mun san abin da take ci. A 2010 ana kwaso duwatsu daga ramin haƙar zinariya, a dake su a turmi, a niƙa su a tsakar gida, inda yara ke rarrafe, inda ake shanya hatsi. Ƙurar cike take da dalma. Yaro ya kai hannu baki, sai amai, sai jijjiga. A Sunke, da Dareta, da Abare, da 'Yargalma ta Bukkuyum, da ƙauyukan kewaye, yara kusan 400 suka rasu. Sai da Likitocin Na-Gari Na-Kowa suka zo da magani, aka kuma kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, sannan mutuwar ta lafa.

Duk saƙon da zai ce "ga mu, 'yan Adam" ya kamata ya ɗauki wannan ma: yadda muke cutar da kanmu wajen neman abinci, da yadda wasu ke tasowa daga nesa su ceci 'ya'yan da ba nasu ba.

Ɗalibai, har gobe masana na muhawara kan ko ya dace a ci gaba da aika saƙonni, da wanda ke da ikon tsara su. Kafin a sake tsara wani, ku ɗauki wayoyinku ku naɗi muryoyin iyayenku mata da suka ga 2010, da izininsu, da Hausarsu ta Zamfara, ku rubuta suna da gari da rana, ku kai wa ɗakin karatu na jami'a a Gusau a adana.