Me ya sa kiran Illela ya zama kiran ƙasar waje?

Jawabin ɗan takararmu na majalisar dokoki a gaban jama'ar Birnin Ƙonni



Yau a kan abin da ke cikin aljihun kowa zan yi magana, wato waya. Wanda ke da layi biyu ko uku ya ɗaga hannu. Kun gani? Kusan dukanmu ne. Ba don yawan arziki muke tara layuka ba. Ɗaya na kiran gida ne, ɗaya na inda rezo ba ya kamawa, na uku kuma na Najeriya ne.

Daga nan zuwa Illela, ɗan kabu-kabu zai kai ka kafin shayinka ya huce. Can ƴaƴanmu suke aure, can muke da abokan ciniki. Amma da ka danna 234, sai a yi maka lissafin kiran ƙasar waje. Katin dala ɗari, kuna cikin gaisuwa sai ya ƙare. Shi ya sa uwa take yi wa ɗanta bip, ta zauna tana jira ya kira. Lokacin da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, mutane da yawa wayar nan kaɗai ta rage masu wajen sada zumunta da bin bashi.

An ce mana idan kamfanoni suka yi yawa za su yi gasa, farashi ya sauka. To ga su nan har huɗu: Airtel, Moov, Orange wadda aka sayar wa Zamani a 2019, da kamfanin ƙasa, Niger Télécoms. Ba zan yi maku ƙarya ba, gasar ta yi amfani. Dattawa sun tuna lokacin da sai mutum ya je gidan waya ya yi layi kafin ya yi magana da Yamai. Amma garaɓasar da ake ta talla, akasari ta kiran layi iri ɗaya ce. Ka kira wani kamfani, ko ka tsallaka iyaka, sai ka ji a jikinka.

Kamfanin ƙasa shi ya kamata ya zama ma'auni. In ya sauke farashi, dole sauran su biyo shi. Amma ku dubi yadda aka yi da shi. A 2001 aka sayar da mafi yawan hannun jarin Sonitel ga ƴan China da ƴan Libiya. A 2012 aka maido shi hannun ƙasa. A 2016 aka haɗe Sonitel da Sahelcom, aka raɗa masu sabon suna. Suna ya canza, amma a ƙauyukanmu nawa ne layinsa ke kamawa? Kamfanin da bai kai ƙauye ba, ba ya iya tilasta wa kowa rage kuɗi.

Sai maganar haraji. Akwai harajin da aka ɗora wa kiran da ke shigowa daga waje, irin wanda ɗanka da ke Legas ko Abijan yake yi maka. A kasafin kuɗin 2018 gwamnati ta yafe shi ga kamfanoni, a cikin dokar da ta ƙara wa talaka wasu harajin. Ƙungiyoyin farar hula suka fito zanga-zanga, aka kama shugabanninsu. A kasafin 2019 kuma aka maido da harajin. Ina tambayarku: da aka cire, wa ya ga sauƙi a aljihunsa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba kamfanoni kaɗai za mu tuhuma ba, har da masu sa hannu a takarda.

Ga wani abin da ba a faɗa maku ba. A Disamban 2017, ƙasashen CEDEAO sun amince da doka a Abuja: wanda ya shiga wata ƙasar ƙungiyar da layinsa na gida zai amsa kira kyauta har kwana 30, ya kuma yi kira da farashin ƙasar da yake ciki. A lokacin Nijar tana ciki, Najeriya tana ciki. Wa ya more ta a cikinku?

In kun ba mu ƙuri'unku, ga abin da za mu tsaya a kai a majalisa. Na ɗaya, a zauna da Najeriya a fara aiki da dokar nan, kuma a nemi farashi na musamman ga garuruwan kan iyaka, daga Gaya har Difa. Na biyu, hukumar ARCEP ta riƙa karanta farashin kowane kamfani a rediyo, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Na uku, a ba mutum damar sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Na huɗu, shugabannin kamfanin ƙasa su zo majalisa kowace shekara su faɗi abin da ya shiga, da abin da aka kashe, da ƙauyukan da aka kafa wa eriya. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Ban ce waya za ta zama kyauta ba. Wanda ya ce maku haka, yaudararku yake yi. Ku ajiye takardar nan. In muka ci muka manta, ku kawo mani ita har ƙofar gida.

Ranar Lahadi 27 ga Disamba na 2020, kowa ya ɗauki katin zaɓensa, ya tashi maƙwabcinsa, a fita da wuri. Allah ya ba mu zaɓe lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.